Shagon Yayana ya ƙone, inshora sun ce miliyan 3.65 za su biya maimakon 5. Doka ce ko cuta?

Autan Hajiya:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar inshora ko lauyoyi ku taimaka min da bayani dan abin nan ya hana mu barci a gida.

Yayana yana da shagon atamfa da shadda da leshi a wata kasuwa nan Kano, ni nake tsare masa in baya nan. Wata uku da suka wuce wuta ta tashi a layinmu wajen ƙarfe biyun dare, an ce daga wayar wuta ne a shagon da ke bayanmu bayan an kawo nepa da ƙarfi, kafin 'yan kwana-kwana su iso ta ci shago bakwai. Mu Allah ya taimake mu mai gadi ya kira Yaya da wuri, muka je muka ɓalle ƙofa da yaran layi muka ja abin da ya samu, dilolin bakin ƙofa dai su muka iya fitarwa, na ciki da na saman kanta kam sai toka. Leshi ma ba ƙonewa yake ba narkewa yake ya manne da siminti, har yau in na shiga wajen warin nan nake ji a maƙogwaro.

To Yaya yana da inshorar gobara. Ba wai dan yana so ba, tun 2021 da ya ci bashin banki suka ce dole sai ya yi, bayan ya gama biyan bashin kuma ejan ɗin ya ci gaba da zuwa duk shekara yana karɓar dubu 40 ya kawo sabuwar takarda, Yaya bai taɓa fashi ba ko sau ɗaya. Abin da ke rubuce a takardar kaya ne na naira miliyan 5.

Bayan gobarar kamfanin suka turo wani mutum da kamara da littafi, ya kwana biyu yana tambayar rasit da littafin shago yana ƙirga ragowar ƙonannun turame, ƙarshe ya rubuta cewa kayan da ke shagon daren nan sun kai miliyan 12, na miliyan 9 sun ƙone, na miliyan 3 an tsira da su. Mu duk mun ɗauka tunda asarar ta ma wuce miliyan 5 ai shikenan miliyan 5 ɗin za su ba mu mu yi haƙuri da sauran. Sai ga wasiƙa jiya wai 3,750,000 ne haƙƙinmu, a ciki ma za su cire dubu 100 wai ekses, saura 3,650,000, kuma sun haɗo da wata takarda wai Yaya ya sa hannu kafin kuɗi su shigo.

Tambayata, wannan lissafin daga ina suka samo shi? Doka ce ta ba su dama ko kawai sun ga ba mu da kowa ne? Kuma ya sa hannu ko kar ya sa? Yaya dai ya ce shi ya gaji zai karɓa kawai ya bar su da Allah, ni ne nake hana shi.

Direban Dogon Zango:

Allah ya mayar da alheri ya kiyaye gaba. Amma malam kai ma dai, inshora a ƙasar nan? Ai ku gode Allah ma da suka ce za su ba ku wani abu. Ni shekarata 19 ina tuƙi, duk shekara sai na yanki takardar nan ta inshorar mota, tad fati, da dubu 5 ce yanzu tun farkon 2023 ta koma dubu 15, ban taɓa ganin wanda aka biya ko sisi ba a tasharmu, takarda ce kawai ta nuna wa ɗan sanda a wuce. In ka bugi motar wani ku je gefen titi ku sasanta, ka kai shi wajen mai fanel bita ka biya daga aljihunka, haka muka taso muka gani. Ku karɓi kuɗinku tun kafin su canza shawara, da hanau gara mannau.

Tsohon Ma'aikaci:

Wa alaikumus salam. Ɗana ina muku jaje, Allah ya sa iyakar wahalar kenan. Na yi shekaru a sashen biyan diyya kafin na yi ritaya, irin wasiƙar nan ni da hannuna na rubuta ta ba adadi, dan haka bari in faɗa maka gaskiya ko da ba za ta maka daɗi ba. Lissafin nan ba ƙirƙirarsa suka yi dan ku ba. Ɗauko takardar ka duba ƙananan rubutun nan na baya da ba wanda yake karantawa, za ka ga wani sharaɗi da ake kira aberej, kusan duk inshorar gobara ta kayan shago tana da shi.

Ga yadda yake. Yayanka yana da kayan miliyan 12 amma kuɗin kariyar miliyan 5 kawai yake biya. A idon kamfani shi ya ɗauke wa kansa nauyin miliyan 7 ɗin da suka rage, kamar ku biyu ne kuka yi tarayya wajen ɗaukar haɗarin, su kashi 5 shi kashi 7, to duk asarar da ta zo haka za a raba ta. Kayan da suka ƙone 9 ne cikin 12, wato uku bisa huɗu, sai su ba ku uku bisa huɗu na miliyan 5, shi ne 3,750,000 ɗin da ka gani. Ekses kuma wani ɗan kaso ne da aka yarda tun farko mai kaya zai ɗauka da kansa a kowace asara, shi ma yana rubuce a takardar, ka duba ka tabbatar dubu 100 ɗin ne aka rubuta ba wani abu ba.

Za ka ce to ina adalci a nan. Ka ɗauka maƙwabcinku mai kaya irin naku ya faɗi gaskiya ya rubuta miliyan 12, yana biyan kusan dubu 96 duk shekara, ku kuna biyan 40. Wuta ta ci kayan miliyan 4 a shagonsa ta ci na miliyan 4 a naku. In aka biya ku daidai wa daida ai an cuce shi, kuma gobe kowa a layin ƙaramin kuɗi zai rubuta tunda an san da wuya wuta ta cinye komai, asusun da ake biyan mutane daga ciki ya ƙafe. Dalilin kenan.

Inda nake jin haushi shi ne ba laifin Yayanka ne shi kaɗai ba. A 2021 wataƙila kayan nasa ba su fi miliyan 5 ɗin da yawa ba. Sai aka saki naira a tsakiyar 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a 2024, shadda da leshi kuwa da dala ake shigo da su, turamen da ke kan kanta ba su ƙaru ba amma kuɗinsu ya ninka. Ejan mai tsoron Allah shi zai ce Alhaji kayanka fa sun tashi mu gyara adadin, amma da yawansu kamashonsu kawai suke bi, suna tsoron in suka ce kuɗi ya ƙaru mutum ya ce ya fasa gaba ɗaya, sai su yi shiru su sabunta tsohuwar takarda. Wannan matsalar yanzu tana jikin shaguna da gidaje da motoci masu yawa, masu su ba su sani ba sai ranar da abu ya faru.

Sannan ka riƙe wannan, inshorar dukiya ba a cin riba da ita. Ƙa'idarta a mayar da kai inda kake kafin asara, ba gaba da nan ba, shi ya sa a kan kuɗin sari ake lissafa kayan ɗan kasuwa ba kuɗin da zai sayar ba, kuma shi ya sa ko kamfani biyu ka yi wa rajistar shago ɗaya ba za ka karɓi kuɗi sau biyu ba, raba asarar za su yi tsakaninsu. Haka in suka biya ku, in akwai wanda sakacinsa ya jawo wutar, su ne za su gaji haƙƙinku na binsa har iya abin da suka biya.

Batun sa hannu kuma KAR ya sa tukuna. Takardar nan ta sallama ce, in ka karanta za ka ga an ce ya karɓi kuɗin a matsayin cikakken biya na ƙarshe, da ya sa hannu ƙofar ƙorafi ta kusa rufuwa. Ku fara rubuta musu wasiƙa ku nemi kwafin rahoton mai kiyasin asarar, layi-layi, ku zauna da littafin shago ku bi shi. Mutumin nan kamfani ne ya ɗauko shi yake biyansa, yana da lasisi kuma ana sa ran ya yi adalci amma ɗan adam ne yana kuskure, balle a shagon da rabin rasit ɗinsa ya ƙone.

Malam Direba kai kuma zan dawo kanka.

Ummu Hanan:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya musanya da mafi alheri. Ni dai shawarata ga Yayanka in Allah ya sa ya farfaɗo ya bar irin wannan inshorar ya koma takaful. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1985 ta yanke cewa inshorar kasuwanci da aka saba akwai garari mai yawa a cikinta, wato ka biya kuɗi baka san za ka samu wani abu ko ba za ka samu ba, ta ce halastacciyar hanya ita ce ta taimakekeniya. A takaful abin da ka zuba gudummawa ce cikin asusun mahalarta, kamfani wakili ne yana karɓar ladan kula da asusun, in shekara ta ƙare an biya masu asara an samu rara ana iya raba wa waɗanda basu karɓi diyya ba. Malamai suna kafa hujja da hadisin Ash'ariyyawa da ke Bukhari da Muslim, mutanen da in abincinsu ya yi ƙaranci sai su tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi SAW ya yabe su.

Kuma ba sabon abu bane, a Sudan aka fara tun 1979, Malesiya ta yi masa doka a 1984, nan gida hukumar kula da inshora NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, akwai irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da Salam Takaful. Ni shagon ɗinkina da kekuna shida a takaful na sa shi shekara uku kenan, hankalina kwance.

Tsohon Ma'aikaci:

Hajiya maganarki a kan hanya take kuma ni ma ina ba mutanenmu shawarar takaful dan shi ne ya cire wa da yawa ƙyamar abin. Amma kar ɗan nan ya ɗauka da a takaful suke da an ba su miliyan 5 cif. Sharaɗin aberej yana nan a can ma, ekses yana nan, faɗin gaskiya a fom yana nan, hukuma ɗaya ce ke kula da su duka. A can ma hujjar ta fi ƙarfi, tunda kuɗin na sauran mahalarta ne ba na kamfani ba, in aka ba wanda ya rage adadin kayansa fiye da rabonsa haƙƙin 'yan uwansa aka ci. Ke ma Hajiya ki je ki duba takardarki, keken ɗinkin da kika saya shekara uku da suka wuce nawa yake yau a kasuwa?

Ummu Hanan:

Kai Baba ka tayar min da hankali wallahi, ban taɓa canza adadin ba tun da na shiga. Gobe in sha Allah zan kira su.

Ɗan Maraɗi:

Sannunku da wannan rashi, Allah shi maida alheri. Mu nan Nijar abin da tsohon nan ya faɗa haka yake wurinmu ba bambanci, in ka yi asiransi, wato inshora, ƙasa da darajar kayanka kai ne kamfanin asiransin kanka ga abin da ya rage, a rubuce yake cikin doka. Sai dai mu dokar ba ta ƙasa guda ba ce, kundin CIMA muke bi, yarjejeniya ce da aka sa ma hannu a Yawunde cikin 1992, ƙasashe 14 ne ciki har da mu da Kamaru da Cadi da Benin da Sanagal, cibiyarta na Libreville, kuma hukumar da ke iya amshe lasisin kamfani ta yanki ce gaba ɗaya ba ta gwamnatin ƙasa guda ba.

Abu biyu da nike so in ja hankalin masu karatu. Na ɗaya lokaci, wurinmu in hatsari ya faru kwana biyar na aiki gare ka ka sanar da kamfani, in sata ce awa 48, kuma in ka bari shekara biyu ta wuce baka bi haƙƙinka ba maganar ta mutu. Mutanenmu sai a tsaya karɓar jaje sati uku kafin a tuna da takarda. Na biyu kuɗɗi, tun 2011 aka gyara doka cewa in baka biya kuɗɗin asiransi ba kariya bata fara ba, ba zancen zan kawo in kasuwa ta buɗe. Wani abokin sana'ata mai motar ɗaukar kaya haka ta same shi, takarda ta ƙare ranar Laraba ya ce sai ya dawo daga tahiya ya sabunta, ranar Juma'a mota ta faɗi da buhunan albasa, ko dala ba a bashi ba kuma ba inda zai kai ƙara.

Autan Hajiya:

Baba na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wallahi yanzu ne na gane inda 3,750,000 ta fito, tun jiya nake danna kalkuleta na kasa. Na hana Yaya sa hannu, mun kuma ɗauko takardar na ga sharaɗin da ka faɗa yana nan a shafi na uku da rubutu kamar ƙafar tururuwa.

Amma akwai abu biyu. Na farko fom ɗin nan Yaya bai cike shi da hannunsa ba, ejan ɗin ne ya cike komai ya ce masa sa hannu nan da nan, kuma bara da Yaya ya ce masa kaya sun yi tsada ko za a ƙara, cewa ya yi a bar shi haka ba matsala ai ba duka wuta za ta ci ba, a gabana aka yi. Wannan ba zai taimake mu ba?

Na biyu kuma ban san ko yana da amfani ba, cikin kayan da muka fitar na miliyan 3 ɗin nan ba duka ne namu ba. Dila huɗu na wani abokin Yaya ne ɗan Azare da ya yi sari da yamma mota ta tashi ta bar shi, sai ya ajiye a shagonmu zai ɗauka da safe, shi ya sa ma suke bakin ƙofa muka fara jan su. Kuɗinsu wajen miliyan 2 ne. Mai kiyasin ya tarar da su a tsakar gidan Yaya tare da namu ya ƙirga duka, mu kuma lokacin hankali baya jiki ba wanda ya yi tunanin ya ce masa komai, mai kayan ma sai bayan kwana huɗu ya zo ya kwashe.

Direban Dogon Zango:

Hhhh to ni abin da na fahimta a lissafin Baba, da kun bar wutar ta cinye komai da miliyan 5 ɗin za a ba ku cif, wahalar da kuka sha ta jan dila ita ta rage muku kuɗi. Ka ji aikin bature.

Tsohon Ma'aikaci:

Malam Direba lissafinka daidai ne in aka cire ekses, amma ka manta kayan da suka tsira ai suna hannunsu, wanda aka ba miliyan 5 ba ko turmi ɗaya bai fi wanda ke da 3.75 da kayan miliyoyi a ɗaki ba. Kuma wajibi ne mai inshora ya yi ƙoƙarin ceton kayansa kamar bashi da inshora, in aka gano ya naɗe hannu da gangan yana kallo kamfani na da hujjar rage masa ko hana shi.

Ɗana, magana ta biyun da ka ce baka san ko tana da amfani ba ita ce maganar, ta ma fi ta farkon nesa ba kusa ba. Inshora tana bin abin da kake da haƙƙi a kansa ne, abin da in ya salwanta kai ne za ka yi asara. Shi ya sa ba za ka je ka yi wa gidan maƙwabcinka inshora dan in ya ƙone ka karɓi kuɗi ba, wannan caca ce doka bata yarda da ita ba. To ka duba takardar inda aka bayyana kayan da aka kare. In cewa aka yi kayan sayarwa mallakar mai inshora kawai, dilolin mutumin Azare basu da gurbi a lissafin nan sam. Cire miliyan 2 daga 12 saura 10, wanda ya ƙone yana nan 9 bai canza ba tunda nasa basu ƙone ba, kenan 9 cikin 10 na kayan Yayanka ne suka tafi ba uku bisa huɗu ba. Tara bisa goma na miliyan 5 kuwa 4,500,000 ne, a cire ekses saura 4,400,000. Bambancin dubu 750 kenan. Amma in ka ga an ƙara da kalmomin kayan amana ko na kamasho da ke hannunsa, to nan za su ce dilolin suna ciki, sai an ja. Karanta layin nan a hankali kalma-kalma.

Kuma baki kawai ba zai yi ba, dole su yi zargin kun ƙirƙiro labarin ne bayan kun gane lissafi, ni ma da ina kujerar haka zan fara tunani. Ku nemo rasit ɗin sarin mutumin mai kwanan watan ranar, alat ɗin kuɗin da ya tura wa wanda ya saya a wajensa, shaidar ɗan dakon da ya kawo kayan da direban da ya kwashe, wasiƙa daga shugaban layinku, in da hali shi mai kayan ya yi rantsuwa a rubuce a kotu. Kar ku ƙara ko yadi ɗaya a kan gaskiya, ƙarya ɗaya in aka kama a neman diyya tana iya rushe duka har wanda kuke da haƙƙinsa. Ita harkar nan an gina ta ne a kan kowa ya buɗe cikinsa, tun wata shari'a da alƙali Mansfil ya yanke a Ingila a 1766 kan wani sansani a tsibirin Sumatara ake maimaita wannan, abin da mutane suke mantawa shi ne a shari'ar nan mai ba da inshorar ne ya sha kaye, kuma alƙalin ya ce wajibin a kan ɓangare biyun yake.

Batun ejan kuma sai dai haƙuri, ba shi da ƙarfi yadda kake zato. Dokar inshora ta 2003 da muka yi aiki da ita cewa ta yi a buga a gaban fom ƙarara cewa ejan ɗin da ya taya ka cike fom a madadinka ya yi, wato kuskurensa naka ne. Ita dai dokar ta kuma ce abin da ka faɗa wa ejan kamar ka faɗa wa kamfani ne muddin yana cikin hurumin aikinsa, dan haka ku saka maganar a wasiƙarku, in akwai saƙon WhatsApp ko na murya ku adana, tana ƙara nauyi wajen sulhu. Amma kar ku jingina da ita, shi zai ce bai faɗa ba.

Matakan su ne wasiƙa zuwa ga shugaban sashen diyya, a buga muku tambarin an karɓa a kwafinku. In suka yi burus ko suka ƙi ba hujja ku kai ƙorafi NAICOM, ita ce hukumar da aka kafa a 1997 dan sa ido kan kamfanonin, tana da sashen karɓar ƙorafi kuma tana da ofishin shiyya nan Kano, ba a biyan ko kwabo. Kamfanoni suna jin tsoronta dan lasisinsu a hannunta yake, kuma kowannensu yana da kuɗin ajiya na dole a Babban Banki. A ƙarƙashin dokar 2003 kwana 90 aka ba kamfani ya biya bayan takardar sallama, in ya ƙi hukuma na iya biyanka daga ajiyar nan. A 2025 shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbinta, ta ɗaga jarin kamfanin inshorar dukiya zuwa biliyan 15, na rayuwa biliyan 10, ta kuma tanadi asusun kare masu inshora in kamfani ya durƙushe. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma kafin nan ku duba ko takardar ta ce sai an fara zuwa gaban mai sasanci.

Saura kai Malam Direba. Takardar dubu 15 ɗin nan da kake rainawa, in ta gaske ce, tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3, ga kuma diyyar rauni ko rasa rai daban. Ba motarka take gyarawa ba, ta wanda ka buga take gyarawa, shi ya sa ake ce mata ta mutum na uku. Dalilin da baka taɓa ganin an biya ba guda biyu ne, ko ba wanda ya taɓa kai rahoto kun sasanta a gefen titi, ko kuma takardar ta bogi ce irin wadda 'yan bakin ofishin lasisi suke bugawa, kuɗin bai taɓa isa wani kamfani ba. Akwai rumbun bayanai na NIID, ka sa lambar motarka a shafinsu ka gani ko sunanka zai fito.

Direban Dogon Zango:

Baba na sa lambar. Ba abin da ya fito. Kuma wallahi wata biyu kenan da na ba yaron nan dubu 15 har da dubu ɗaya ta shan ruwa, bari gari ya waye.

Autan Hajiya:

Baba na karanta layin sau uku har na ba ƙanwata mai karatun lauya ta sake dubawa, kayan sayarwa mallakar mai inshora kawai aka rubuta, ba maganar amana ko kamasho. Mun kira mutumin Azare ya ce rasit ɗinsa na nan a cikin jakar da yake zuba takardun sari, alat ɗin ma yana wayarsa, zai shigo Kano ranar Litinin da motar safe. Ɗan dakon ne dai har yanzu bamu samu ba an ce ya tafi gida noma, amma shugaban layi ya ce zai rubuta mana wasiƙar tunda a gabansa aka sauke dilolin. Wasiƙar zuwa kamfanin da Hausa za mu iya rubuta ta ko dole sai da turanci?